Ɗamarar Cima

Hannuna na hagu ba ya kai wa ƙeya.
Shekara arba'in ke nan
da wata tsamiyar Miriya ta karɓe shi jingina.
Ran kasuwa ce, baba na can yana ciniki,
ni ina ƙololuwa ina yi wa Mutari gwalo,
sai reshe ya ce ƙaras.
Ban tuna faɗuwar ba.
Na tuna ƙasa a bakina,
da maɗori yana jera kara yana tofi,
da inna tana ta cewa, da ma, da ma.
An ce da-na-sani ƙeya ce.
To ni ko sosa ta ba na iyawa.

Yanzu ga jikata Cima,
shekara tara, hawa kamar ƙadangare.
Ba kwaɗayi ke kai ta ba,
wa ke hawan dogon yaro don ya ci?
So take ta ga Damagaram ta inda shaho ke ganinta:
duwatsun Birni sun durƙusa kamar raƙuma,
shanyar mata a kan soraye,
ƴan kabu-kabu, tururuwa ta ji sukari.

Uwarta ta ce in hana ta.
Na hana, ta hau ba na nan.
Na yi tsawa, ta nemi wanda ya fi tsawo.
Wanda iskar sama ta taɓa yi wa raɗa a kunne
baki ba ya sauko da shi.
Ni na sani.

Sai na koma ga abin da na iya.
Ni baduku ne, ɗan baduku.
Kwana uku na ture jakunkunan mutane gefe,
na yanko fatar sa mai kauri,
na ninka, na huda, na bi ɗinki sau biyu,
ɗaya a ƙugu, biyu a cinya.
Zobba na maƙerin Zango ne.
Ya ce, na doki?
Na ce, na tsuntsu.
Igiya daga kasuwar Dole, irin ta rijiya mai gaba ashirin,
na rataya mata buhun gero,
da bai ishe ni ba na rataya kaina.
Kaske kuwa na Lawali ne, ɗan ƙanena,
da ma a hannun babur yake kwana,
kansa bai taɓa saninsa ba.
Na cusa tsumma ciki don ya zauna mata.

Ran gwaji unguwa ta fito kallo.
Tsoho ya yi wa jikarsa linzami!
Wani ya ce, abin da aka rubuta
igiya ba ta goge shi.
Na ce, gaskiyarka, Malam Nomau,
amma na ga kana ɗaure jakinka da dare.

Cima ta ɓata rai,
wai kaske na da zafi, wai yana warin fetur.
Ta dai sa. Ta hau.
Igiya ta bi ta bayan babban reshe,
ta zagayo ƙuguna, ta kwanta a tafin damana,
ina ja kaɗan-kaɗan.

A reshe na huɗu ƙafa ta zame.
Kaske ya sha itace, ƙwal!
Igiya ta miƙe, ta ɗebe mini fatar hannu,
yarinya na lilo tsakanin sama da ƙasa
kamar ƙwarya a ragaya.
Unguwa ta yi tsit. Ko kaza ba ta yi tari ba.

Sai murya daga cikin kaske:
Kaka, kar ka sauke ni,
ban kai ba tukuna.

Ban sauke ta ba.
Gwiwoyina ne suka nemi zama, na hana su.

Can daga ƙololuwa ta kwaɗo kira:
ina ganin hanyar Miriya!
Na hura tafina, na ɗaga kai, na ce,
in kin hango wata tsohuwar tsamiya,
ki gaishe ta,
ki ce mata wannan karon ba ta samu ba.